Uwata, Baturiyar Likita

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar uwata, kuma har yau ban san inda zan ajiye ta a zuciyata ba. Duk shekara idan damina ta kankama, kogin Kwara ya fara cin gonakin shinkafar bakin gaɓa, sai in rasa sukuni. In ɗauki abu in ajiye, in shiga ɗaki in manta abin da ya kai ni. Maigidana ya riga ya gane lokacin, ba ya ma tambaya. Bana na ce bari in rubuta, ko hankalin zai zauna wuri ɗaya.

Ina cikin aji, a makarantar da nake koyarwa a nan Bagudo, wayar ta shigo. Ɗan ƙanwarta ne, da Turancinsa mai nauyi, ya ce ta cika da safe a asibitin wani ƙaramin gari kusa da Birno, a ƙasar Cek. Na ce masa na gode. Na koma na ƙarasa darasi, don ban san abin da ya kamata in yi ba. A makon nan jaridun Turai suka buga hotonta, gidajen rediyonsu suka yi ta sa muryarta. A garin da 'yarta tilo take zaune kuwa, sai da na riƙa yi wa maƙwabta bayanin ko wace ce ta mutu.

Ba zan ambaci sunanta ba. A gidan da na tashi ba a kiran sunan uwa, ban kuwa ga dalilin da zai sa in fara a jarida ba. Ni Maminka nake ce mata, wato Inna a harshensu, kuma tana cikin 'yan kalmomin da suka rage mini na harshen. Tsofaffin Bagudo kuwa da Baturiyar Likita suka san ta.

Sana'arta waƙa ce, irin wadda Turawa ke kira opera. Wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa, komai rerawa ake yi: gaisuwa, rigima, soyayya, har da fitar rai. Mawaƙiya za ta tsaya a kan dandamali, makaɗa jingim a gabanta da goge da algaita da ganguna irin nasu, babu lasifika, amma dole muryarta ta haye kansu ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe a can sama. Uwata ta yi wannan aiki a manyan biranen Turai irin su Biyana da Milan da Hambug, ta yi a Landan, ta yi a Amurka, ta je har Japan. An ce akwai wuraren da jama'a kan miƙe tsaye su yi ta tafi, ta shiga ta fito, ta shiga ta fito, ba su zauna ba. Ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba.

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, ɗan makiyaya ne daga wajen Kurgu. Yana cikin samarin da aka tura karatu ƙasashen 'yan gurguzu a wancan zamani, shi likitancin dabbobi ya je yi a Birno. Ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, ashe akwai 'yar ɗan'uwanta da ke zuwa kullum tana gwajin murya a ɗakin da ke jikin nasa. Wata rana ya gaji, ya ƙwanƙwasa ƙofa don ya roƙa a rage masa ihu, yana da jarrabawa. Haka suka haɗu. Shi da kansa ya ba ni wannan labari, sau ɗaya tak, yana kallon ƙasa.

A can aka haife ni. A lokacin ƙasarsu ba ta barin 'ya'yanta su fita yadda suka ga dama, amma matar baƙo tana iya bin mijinta. Da Baffa ya gama karatu, sai ta ɗauko ni ta biyo shi. Ta yi ƙoƙari, kowa ya shaida. Ta ɗaura zane, ta koyi cin tuwon shinkafa da hannu, ta sha zazzaɓi har ta rame. Abin da ta kasa bari shi ne gwajin murya. Kowace safiya sai ta zagaya bayan ofishin dabbobi, ta fara daga ƙasa tana hawa, tana hawa, har ta kai inda kunne ke ƙaiƙayi. Mata masu zuwa rijiya suka canza hanya. Kakata, Maama Adama, ta yanke cewa iskoki ne suka shafe ta, ta aiko da rubutu a ƙwarya. An ce uwata ta shanye tas don kada ta ɓata wa surukarta rai, washegari kuma ta koma bayan ofis.

Ina 'yar shekara huɗu wata tsohuwar malamarta da ke zaune a Biyana ta samo mata damar gwaji a wani gidan wasa. Ta ce wa Baffa wata uku za ta yi. Na yarda har cikin zuciyarta haka take nufi. Aka ɗauke ta. Daga wannan wasa sai wancan, daga wannan gari sai wancan. Ita ma ba a kyauta ta samu ba. Hukumar ƙasarsu ta ɗauke ta a matsayin wadda ta gudu, aka daina sa muryarta a rediyon gida, aka toshe mata hanyar komawa. Da mahaifiyarta ta rasu ba ta samu zuwa jana'iza ba, alhali tsakanin Biyana da Birno bai kai daga nan zuwa Sakkwato ba. Ta bar ɗiya a kudu, ta bar uwa a arewa, tana tsakiya ana yi mata tafi.

Baffa ya jira har ya gaji, sannan ya auri Inna Hajo, 'yar Kende. Ita ta raine ni. Ita ta sha wahalar gashina, wanda ba ya riƙe kitso. Ita ta riƙa fita da zane a ɗaure tamau tana neman uwar duk yaron da ya kira ni 'yar Nasara. Ban san ranar da ta bambanta ni da 'ya'yan da ta haifa ba. Lokaci lokaci faya-fayan garmaho kan iso daga Turai, da hoton uwata a jikin kwali cikin tufafin sarauniya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa kan sa ɗaya, ya zauna yana saurare. Inna Hajo ce mai tambayar abin da ake faɗa. Ya ce a wannan an ci amanarta ta sha guba, a wancan ciwon ƙirji ya kashe ta. Wata rana ta ajiye tsintsiya ta ce:

"Wai ita wagga mata kullum mutuwa taka yi? Ba su da wasan da za ta tashi lahiya?"

Baffa ya yi dariya har ya sarƙe. A gidanmu ba a cika jin dariyarsa ba, shi ya sa na riƙe ranar.

Ina aji biyu na firamare, wata rana da sassafe, Maama Adama ta tashe ni ta ce mu shirya, akwai suna a wurin danginmu na ƙasar Benin, wadda tsofaffi har yau Faransa suke ce mata. Aka ɗora ni a kan jaki. Muka wuce Tsamiya, muka bi ta cikin gonaki, ba wanda ya tambaye mu takarda, ban ma san lokacin da muka bar Najeriya ba. Muka sauka a rugar ƙanwarta, Goggo Dikko, a bayan Segbana. Ban ga jariri ba, ban ga ragon suna ba, ban kuma damu ba. Na sha kindirmo, na bi 'yan maruƙa da gudu, na koyi hawan bishiyar kaɗe. Idan aka tambaye ni lokacin da na fi jin daɗi a ƙuruciyata, wannan zaman zan ambata, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da muka dawo gida na tarar da jajayen takalma a kan gadona, ɗakin yana wani ƙamshi da ban sani ba, idanun Inna Hajo sun kumbura. Ba wanda ya ce mini komai.

Sai da aka sa ranar aurena Inna Hajo ta zaunar da ni ta faɗa mini.

"Hadiza, kin tuna sunan da anka kai ki Faransa? Babu wani suna. Uwarki ta zaka ɗaukar ki. Nan taz zauna, ƙofar ɗakin ga, tana kallon zaure. Ni ka kai mata abinci, ni ka ɗauke shi yadda na aje."

Baffa ya ce wa uwata yarinya ba ta nan, bai kuma ƙara ko kalma ba. Ta bi duk wanda aka ce mata yana da faɗa a ji a garin, kowa ya karɓe ta da mutunci, ba wanda ya san inda yarinya take. Ana jiran ta a wani wasa a Turai, an riga an sayar da kujeru. Ta jira iyakar abin da za ta iya, ta ajiye takalman, ta tafi.

Na yi shekaru ina juya wannan magana, ina neman wanda zan ɗora wa laifi, kuma duk wanda na kamo sai ya zame mini. Maama Adama tsoro ta ji kada jikarta ta tashi ba salla, ba harshe, ba dangi, ta zama hoto a jikin kwali kamar uwarta. Ba tsoron banza ba ne. Baffa an riga an ce masa wata uku sau ɗaya. Uwata kuwa ɗiyarta ta zo ɗauka, wace uwa ce za a ce ta yi laifi a nan? Da an bar ta ta tafi da ni, da wata mace ce daban ke zaune a wani gari mai sanyi, da 'ya'yan da nake kallo yanzu babu ko ɗaya. Ba na fatan haka. Amma kuma ba na iya cewa an kyauta.

Bayan mulkin gurguzu ya faɗi a ƙasarsu, ta koma gida. Rediyon da ya goge sunanta shi ya tarbe ta da furanni. Ta ƙara 'yan shekaru tana waƙa, ta koma koyar da matasa. Da wayar hannu ta iso mana muka fara magana, da Turanci, harshen da ba nata ba, ba nawa ba. Ina goyon 'yata Asma'u ta ce za ta zo. Na ce ta sauka a Abuja ko Kano, ta ƙi. Ta Kwatano ta biyo, ta hau mota ta keta ƙasar Benin tun daga teku har Kandi, don a cewarta tana so ta ga inda aka ɓoye ni kafin ta ga inda aka hana ta ni.

A tashar Segbana na tarbe ta. Tun daga nesa na gane ta: doguwa, kai fari fat, tsaye a tsakiyar buhunan masara da jarkokin mai kamar wadda ake jira ta fara. Na zube zan gaishe ta yadda aka koya mini, ita kuma ta ware hannuwa za ta rungume ni. Ta rungumi iska, ni na gaida gwiwoyinta. 'Yan tasha suka yi ta kallonmu. Daga nan mota ba ta shiga rugar, sai kabu-kabu. Matar da aka saba buɗe wa ƙofar mota ta tattare siket ta haye bayan babur, ta riƙe kafaɗar direba da hannu biyu, duk ramin da aka faɗa sai ta yi wani ƙara da ya sa shi waiwayowa.

Maama Adama ta riga ta rasu, amma Goggo Dikko tana nan, ta tsufa, ido ya yi rauni. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Suka zauna suna fuskantar juna, ni a tsakiya ina tafinta. Goggo ta ce da ni:

"Hwaɗa mata mu munka riƙe ki. Hwaɗa mata ba mu bar ki da yunwa ba."

Na faɗa. Uwata ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Na gani." Ina jiran ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. Ta ɗauki ƙwaryar nono ta sha.

Da labari ya bazu cewa baƙuwar mawaƙiya ce, matan rugar suka taru suka ce sai ta yi musu. Na so in hana, ta riga ta miƙe. Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi, ta saki murya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ba sai a faifai, ban san cewa a fili abin har cikin haƙarƙari ake jin sa ba. Yara suka watse da gudu. Karnuka suka kama haushi. Wata tsohuwa ta fito daga bukka tana salati, tana tambayar wa ya mutu. Matan suka tuntsire da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina don kunya. Uwata ta tsaya, ta dube su, sai ita ma ta fashe da dariya har da hawaye, ta ce a duk yawonta ba ta taɓa samun masu sauraro da suka faɗa mata gaskiya irin waɗannan ba. Sannan ta ce a yi shiru, ta sake farawa daga farko, a hankali, ta kai har ƙarshe. A karo na biyu ba wanda ya yi dariya. Ban ce sun ji daɗi ba. Sun dai gane cewa ba wasa take yi ba.

A Bagudo, a zaure suka gaisa da Baffa. Sai kawai na ji harshen Cek yana fita daga bakin mahaifina, tiryan-tiryan, mutumin da na yi zaton ya manta shi tun ina yarinya. Suka yi magana mai tsawo, suka yi dariya, ya share ido da hannun riga. Ban san abin da suka ce ba. Ko ya nemi gafararta, ko ita ta nemi tasa, ko labarin tsohuwar mai gidan haya kawai suka yi, ban tambaya ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya, don shi ma ya rasu bayan 'yan shekaru.

Tambaya ɗaya na yi mata, wadda na daɗe ina ɗauke da ita. Muna ɗakina da rana, ana ruwa, tana riƙe da Asma'u. Na ce:

"Maminka, Baffa kika so, ko hanyar fita daga ƙasarku?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Da na aure shi, shi nake so. Da na ga hanya a buɗe, na bi. Duka biyun gaskiya ne. Ba zan ce miki na yi nadamar waƙa ba, don ƙarya zan yi. Ke nake nadama, kullum."

Na so ta yi mini ƙaryar. Na so ta ce da za a sake, da ta zauna a bayan ofishin dabbobi har ta tsufa. Ta ƙi ba ni wannan, kuma na kwana biyu ina jin zafinta. Yanzu da na girme shekarun da take da su lokacin da ta zauna a ƙofar ɗakin Inna Hajo, na fara ganin cewa mutunta ni ta yi.

A wannan zuwan ne aka yi rasuwa a maƙwabta, ta ga yadda aka yi wanka da sutura aka kai mamaci kafin la'asar. Ta ce su a can yawanci ƙonawa ake yi, a ba dangi toka. Ta ga yadda fuskata ta canza. Bayan ta cika, ɗan ƙanwarta ya ce mini tun dawowarta daga Afirka ta bar wasiyya cewa a binne ta a ƙasa, saboda 'yarta. An binne ta ban je ba. Kafin takardar izinin shiga ta fito an daɗe da gamawa, daga baya kuma na rasa ƙarfin zuciyar zuwa.

Zaman makokinta shi ne mafi wuya da na taɓa yi. Mutane sun zo, Allah ya saka musu. Sai su ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri," su kai daidai inda aka saba ɗorawa da addu'a ga mamaci, su tsaya. Wannan ɗan shirun na ji shi a bakin kowa. Na je wurin malamin da ya karantar da ni, na tambaye shi abin da ɗiya za ta yi wa uwar da ba ta rasu a kan addininta ba. Ya ce in bar lamarinta ga Wanda ya halicce ta, Shi ya fi ni sanin ta, ni kuma in kyautata wa waɗanda ta so, in riƙe zumuncinta. Na karɓa, a kai nake. Amma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, idan na idar da salla na zo kan iyaye, harshena yakan yi nauyi.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Iyakar da aka ƙetare da ni a kan jaki ba tare da ko tambaya ba, yanzu yau a buɗe, gobe a rufe, manyan motoci su yi layi har direbobi su san masu abinci da suna. Rugar Goggo Dikko ta tashi, dajin ya daina kwanciya da mutane, danginmu wasu sun yi kudu, wasu sun dawo gari sun zauna ba shanu. Hanyar da ta bi a bayan babur tana ƙara, yau ba zan yarda baƙuwa ta bi ta ba. Ina jin wannan zai ba ta haushi fiye da tsoro, don mace ce da ta tsani a ce mata nan ba a wucewa.

Muryarta kuwa, wadda Baffa ke jira wata da watanni kafin ta iso cikin kwali, yanzu tana cikin wayar kowane yaro. Ɗalibaina sun binciko ta. Sukan zo su nuna mini ita tana ƙuruciya, cikin farar riga, tana faɗuwa a kan dandamali, su ce, "Malama, da gaske innarki ce?" A cikinsu akwai masu murya, ina jin su idan suna shara. Wadda ta kuskura ta ɗora waƙarta a waya, kafin yamma an zage ta, an zagi gidansu. Da uwata tana nan, na san abin da za ta ce musu, na kuma san cewa iyayensu ba za su gode mata ba. Ni da nake tsakani, nakan ce su mai da hankali ga karatu, in wuce. Ni ma ina da murya. Inna Hajo ce kaɗai ta sani, don a madafa kawai take fita.

Abin da ya sa rashin sukunin bana ya fi na kullum shi ne Asma'u. Jaririyar nan da uwata ta riƙe ana ruwa ta girma, ta nemi gurbin karatun likita a ƙasar kakarta, an kuma ba ta. Ba ta faɗa mini tana nema ba sai da ya fito. Mahaifinta ya ce shi ya amince, amma magana tana hannuna, don ni na san abin da wannan hanya ta ci a gidanmu. Asma'u ta ce, "Umma, karatu kawai zan yi in dawo." Na dube ta, doguwa, tsayuwarta irin ta mai jiran a ba ta fili, sak kakarta. A makonnin nan na fahimci Maama Adama fiye da duk tsawon rayuwata. Na kama kaina ina lissafa dalilai: sanyi, abinci, wa zai tashe ta sallar asuba, wa za ta auro. Kowane dalili gaskiya ne. Na kuma san cewa idan na tara su na hana ta, za ta yi mini biyayya, ta zauna, kuma wata rana za ta zaunar da tata ɗiyar ta ba ta labarina.

Na ce ta tafi. Ban ce hankalina ya kwanta ba.

Idan na auna abin da ya rage na uwata, ba tafin ba ne, masu tafin yawancinsu sun bi ta. Muryar tana nan, amma ta duniya ce, wanda bai san ta ba ma yana da rabo a ciki daidai da nawa. Abin da ya zama nawa ni kaɗai kaɗan ne: mace ce da aka ba baiwa mai nauyi, ta ɗauka, ta biya da abin da bai kamata a biya da shi ba, ba ta kuma taɓa cewa da arha ta saya ba. Ba ta zama uwar da nake so ba. Ba ta kuma bar ni in ce ba ni da uwa ba. Tsakanin waɗannan biyun nake zaune, kuma na daina sa ran wani zai zo ya raba mini gardama.

Jiya da hantsi na je gaida Inna Hajo, na tarar ta baje kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a kan tabarma, tana ƙulla wa Asma'u a leda, wai kada yunwa ta kashe ta a ƙasar da ba su san miya ba. Ta tsufa ƙwarai, amma ta ƙi a taya ta. Da ta gama ta kira Asma'u ta ce:

"In kin isa, ki nemi inda anka aje kakarki. Ki share wurin. Ki ce mata Hajo na gaishe ta. Ki ce mata ɗiyarta ta yi hurhura, kuma ba ta taɓa kwana da yunwa ba."

Asma'u ta yi murmushi ta ce, "Inna, ai ko tana ji, ba ta jin Hausa."

Inna Hajo ta ɗaure bakin ledar, ta tura mata.

"Da tana da rai ma ba ta ji ba," in ji ta. "Amma mun gane ma juna."